Sarƙar da Muka Rataya a Rumfar Albasa

Tun da na ajiye aikin jami'a na dawo Bodinga, da wuya in zauna a majalisar bakin tasha ban sha tsiya a wurin samari ba. Wai mu aikin me muka yi ban da zama ƙarƙashin fanka muna danna kwamfuta? Kwanan baya wani mai gyaran waya, wanda na ci tuwon sunansa, ya ɗaga wayarsa ya ce mini duk lissafin da na yi a rayuwata wannan 'yar abar za ta gama shi kafin shayi ya huce. Na ce madalla, Allah ya ƙara mata basira. Amma tunda kun tsokano ni, samari, sai ku yi haƙuri ku ji yadda sana'ar take.

Sana'ata lissafin sarƙa ce, amma ba irin ta babur ba. Duk abin da kuke taɓawa, da ƙarfe da gishiri da naman jikinku, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai, ido bai taɓa ganinsu ba. Wasu daga cikinsu suna da hali irin na allurar kamfas ta neman alƙibla: kowace da inda ta fuskanta, ko sama ko ƙasa, wani lokaci ma ta haɗa biyun ta wata hanya da sai lissafi ke iya faɗa. A Turance ana ce wa wannan hali sifin. Idan aka jera irin waɗannan ƙwayoyi a layi, kowace ba ta jin kowa sai maƙwabciyarta ta dama da ta hagu. Wannan layin shi muke kira sarƙa. Ka juya ta farko, ta taɓa ta biyu, ta biyu ta taɓa ta uku, juyin ya yi ta tafiya har ƙarshe, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali daga ƙasa zuwa kan gini. Juyin nan shi ne saƙo. Masu ƙoƙarin ƙera sababbin na'urori masu lissafi da ƙwayar zarra suna son irin wannan sarƙa ta ɗauki saƙo daga wani sashe na na'urar zuwa wani. Kuma saƙon nasu mai tsirfa ne, ba a kwafarsa, ba a leƙa shi a hanya. Da ka leƙa ka ɓata shi.

Da a ce duk ƙwayoyin iri ɗaya ne, da aikin ya zo da sauƙi. To, babu abin da ɗan Adam zai jera bai samu baƙo a ciki ba: wata ƙwaya ta wani jinsi, ko wadda ta fi sauran ƙarfi, ko wadda ta ɗan matsa daga wurinta. Ita muke kira bare. Aikina na tsawon shekaru shi ne in faɗi abin da bare zai yi wa saƙo kafin masu ginawa su ɓata lokacinsu.

Ban shigo sana'ar da ƙuruciya ba. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, da iyali da furfura 'yar kaɗan, kafin in koma jami'a in zama almajirin Malam Jabbi, mutumin Horo Birni ta ƙasar Shagari. Farfesa ne, amma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi haka. Ranar da na fara shiga ofishinsa na same shi yana goge allo da tsohuwar hularsa. Bai ko juyo ba ya miƙo mini alli.

"Kai na ɗan Bodinga? To ga alli. Ƙwara biyu kaɗai. Ka juya ta hwarko, ka gaya min yaushe ta biyu ka juyawa."

Na ce, "Malam, ai an ce akwai kwamfuta a sashen nan."

"Akwai. Ka iya da hannu tukuna, kahin ka tai ka ba ta wahala."

Na yi ƙwaya biyu, ya ce in yi uku. Na yi uku, ya ce huɗu. A huɗu allon ya cika, na koma bango. Abin da ba ku sani ba shi ne, duk ƙwaya ɗaya da ka ƙara, lissafin ninkawa yake yi, ba ƙaruwa ba. Kafin ka kai ƙwaya talatin, takardun duniya ba su isa ba, balle bangon ofis. Sai da ya bari na wahala har na fara tunanin komawa ajina na sakandare, sannan ya nuna mini dabarar: ka ƙyale duk ƙwayoyin da ke zaune lafiya, ka bi saƙon kaɗai ka ga inda ya sa ƙafa. Nan take lissafin ya tsuke ya shiga takarda ɗaya. Na ce, "Malam, me ya sa ba ka nuna mini tun farko ba?" Ya ce da ya nuna mini tun farko da ban gode ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Alli, allo, da bayan tsofaffin takardun jarrabawa, waɗanda Malam ke tarawa a kwali ƙarƙashin tebur. Sai kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a duk sashen, wadda muke kira Gwaggo saboda nishin da take yi in an tashe ta. Sai ka ba ta aiki da safe, ka je ka yi darasi, ka yi azahar, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani. In aka ɗauke wuta a tsakiya, shi ke nan, a koma farko. Har yau ina kewar warin ɗakin nan, na alli da zafin na'ura, da Malam tsaye a bayana yana cin goro yana cewa, "Bar ta, tsohuwa ta, ba a gaggauta ta."

Masu ba mu aiki kuwa ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha tambayata, "Kai dai mi kaka saidawa?" Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ita ba. Masu gina sarƙar gaske suna can ƙasashe masu nisa, a ɗakunan gwaji da ake sanyaya kayan aiki fiye da duk wani sanyi da kuka sani. Su aiko da tambaya ta imel, mu mayar da lissafi. Sai kuma alƙalan mujallu, waɗanda ke duba aikinka kafin a buga, ba ka san sunansu ba, su kuwa sun san duk inda ka yi tuntuɓe.

Akwai wata mata da ta taɓa rubuto mana daga irin wannan ɗakin gwaji. Sarƙarta gajeriya ce, amma saƙo ba ya isa ƙarshe sai a galabaice. Ta aiko da abin da ta auna. Muka zauna da Malam muna sa bare a wuri-wuri cikin lissafi, muna kwatantawa da nata. A nan na ga halin bare filla-filla. In yana tsakiya, sai saƙo ya zo ya buge shi, wani kashi ya wuce, wani ya koma inda ya fito. In bare mai ƙarfi ne aka saki saƙon a kansa, sai ya riƙe ya ƙi saki. In kuwa suka yi yawa, nan da can babu tsari, saƙon ba ya ma yin nisa, sai ya maƙale kusa da gida. Muka ce mata ta duba kusa da farkon sarƙar, ba tsakiya ba. Bayan wani lokaci ta rubuto layi ɗaya na godiya. Malam ya sa na karanta masa, ya sa na maimaita, sannan ya aika aka sayo mana tsire.

Amma akwai abin da ya fi bare ci wa Malam rai. Ko sarƙa ta zama tsarkakakkiya, babu baƙo ko ɗaya, in ta yi tsawo saƙo ba ya isa a dunƙule. Watsewa yake yi a hanya kamar awakin da aka sako daga gida, wasu su riga, wasu su tsaya cin ganye. Abin da ke isa ƙarshe guntu ne. Tun yana saurayi yake lissafin sarƙa, tun kafin wani ya yi tunanin aika saƙo da ita, kuma wannan watsewar ita ce ta tsaya masa a maƙogwaro.

Sai mummunar shekarar ta zo, kuma ba da abu ɗaya ta zo ba. Ruwan farko na damina ya zo da tsawa, wutar lantarki ta yi tsalle ta ƙone Gwaggo da duk aikin da ke cikinta. Muna cikin jimami aka rufe jami'o'i, rufewar da babu wanda ya san ranar buɗewa. Kowa ya kama gabansa. Ni na dawo Bodinga ina taya yayana Sidi juya albasa a rumfarsa ta ajiya, ina tsince ruɓaɓɓu. Malam ya koma Horo Birni. Daga baya na ji labarin cewa idonsa ya matsa masa.

Na hau bas zuwa Shagari, na ɗauki babur zuwa ƙauyen. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, gero ya kai gwiwa a gonakin da ke kewaye. Da na yi sallama sai ya juyo da kansa gaba ɗaya yana nemana, maimakon ya juyo da ido. Bayan mun gaisa ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana tsukewa daga gefe, yanzu kamar ta cikin bututu yake kallon duniya, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Attahiru," ya ce, "na ga saƙo ya ƙetare bisa allo. Na gan shi cikin zanen Gwaggo. Amma da idona ban taɓa ganin an saki abu nan ya isa can ba. Shi nika son gani kahin wanga ma shi ruhe."

Na ce, "Malam, ai ka fi ni sani, wannan sarƙar ba a ganinta."

"Na sani. Amma lilo ana ganinai."

Na gane abin da yake nufi. Tsohon darasi ne da muke yi wa ɗalibai a baki. In ka rataya ƙarafa a jere, kowane da igiyarsa, tsawo ɗaya, ka haɗa kowane da maƙwabcinsa da 'yar roba, ka ja na farko ka saki, lilonsa zai bi layi daga wannan zuwa wancan. Lissafin wannan lilo da na saƙo ɗaya a cikin sarƙarmu 'yan gida ɗaya ne. Ba sarƙar gaske ba ce, amma ita ana iya zuba mata ido ba ta ɓaci ba. Mun sha faɗa, ba mu taɓa ginawa ba, don muna da Gwaggo. Na ce masa zan gina.

Rumfar Yaya Sidi ta yi daidai da aikin. An sayar da rabin albasar, gefe ɗaya ya zama fili, zana ta kewaye ta iska ba ta shiga, ga azara doguwa a sama. Na samu zaren ɗinkin buhu. Na yanka robar cikin tayar keke siri-siri da reza, ina gwada kowace da 'yar'uwarta. Saura ƙarafa, kuma dole su zama nauyi ɗaya.

A nan ne maganar surukina ta shigo. Mahaifin maiɗakina Luba shi ne babba a layin maƙera na kasuwar Bodinga. Ba zan kama sunansa ba ko a takarda, Baba nake ce masa. In na tsallake shi na kai wa wani maƙeri aiki, kafin in iso gida labari ya riga ni. Don haka na je na cire takalmi daga nesa, na durƙusa gefen maƙera, ina kallon ƙasa na yi bayani: dunƙulen ƙarfe tara, kowane kamar ƙwan kaza, da kunnen rataya, duk nauyi ɗaya, kada wani ya fi wani.

"Tara. Iri guda. An gama," in ji Baba. "Aikin makaranta na? Allah shi yi albarka."

Ranar kasuwa na koma karɓa. Ya zazzage mini su a kan buhu. Takwas sumul, kai ka ce kaza ɗaya ta saka su. Na taran kuwa ya kai babbar albasa, irin wadda ake ɗorawa a bakin buhu don jan mai saye.

"Wanga na ƙarshe na yi maka gyara," ya ce, yana murmushi. "Ƙarhen mota na, mai kyau. Ba ni ba ɗana aiki hakanan babu gyara."

Kun san al'adar, mudun ƙarshe shi ake tulawa. Baba ya tula mini mudun ƙarshe da ƙarfe. Na ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," na kwashe na taho. A gida na ce wa Luba ko za ta lallaba ta gaya masa a rage shi. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ka maida wa Baba gyara? To ka haɗa da ni, ka kai mu tare."

Na jefa ƙaton a bayan buhunan albasa, na rataya takwas ɗin. Na daidaita igiyoyi, na ɗaura roba, na ja na farko na saki. Abin ya yi kyau a idona. Lilo ya bar na farko ya shiga na biyu, ya bi layi. Amma kafin ya kai ƙarshe ya watse, kamar dai yadda allo ya faɗa. Na ƙarshen ya motsa, amma a lokacin kowa ma motsi yake yi. Duk da haka na je na ɗauko Malam.

Na zaunar da shi a kan turmi a ƙarshen layin, na saki. Ya yi ta bin ƙarafan da kai, daga wannan zuwa wancan, don bututun idonsa ba ya ɗaukar biyu a lokaci ɗaya.

"Rawa dai nika gani, Attahiru. Kowa na rawa. Ina saƙon?"

Da na mayar da shi, a tashar Shagari ya miƙa hannu zai kama ƙofar bas ya kama iska. Wata ɗaya kafin nan da bai yi wannan kuskuren ba. Na dawo Bodinga da baƙin ciki, kuma na san lokaci ba ya jirana.

Na gwada duk abin da na sani. Na rage ƙarafan zuwa uku, saƙo ya isa lafiya, amma wannan ba sarƙa ba ce, gaisuwar maƙwabta ce, kuma na san Malam zai ce haka. Akwai wata hanya a littattafai, ta sa robar tsakiya ta fi ƙarfi tana raguwa zuwa gefe da wani ma'auni na musamman. Na yi ta yanka roba har yatsuna suka yi kanta, amma robar keke ba ta san ma'auni ba. Yau ta yi tauri, gobe zafi ya sa ta saki.

Ina cikin haka wata safiya Yaya Sidi ya leƙo da sauri ya ce ga surukina nan tafe, wai ya zo ganin inda ƙarfensa ke aiki. Ban san sanda na tsallake buhuna na zaro ƙaton nan ba. Na ɗaura masa igiya, na rataya shi a ƙarshen layi, inda ya fi sauƙin kaiwa, na haɗa masa roba. Baba ya shigo da sandarsa, ya bi layin da kallo a hankali, ya tsaya a kan ƙaton.

"A'a! Shi kas sa a gaba? Limamin sahu ke nan." Ya shafa shi da tafin hannu. "Ashe ya yi maka daɗi. Da ka hwaɗi tun wuri."

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

Wannan "ƙwarai" ita ta jawo mini. Kasuwa ta gaba sai ga saƙo a gida, ƙunshe cikin tsumma. Wani ƙaton ne, daga ragowar ƙarfen motar nan, an ce in ji Baba tunda ina son manya. Luba ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ko murmushi ban yi ba, don yanzu bare biyu gare ni, kuma Baba ya ce zai sake leƙowa.

Sai na tsaya na yi tunani irin na mai sana'a: tunda dole a rataya shi, ina ne zai fi rage ɓarna? Na sa shi a tsakiya don in tabbatar da abin da na sani, ya kuwa tare hanya, lilo ya zo ya buge shi ya koma. Wuri ɗaya ya rage, farkon layi. Na rataya shi can. Ƙato a farko, ƙato a ƙarshe, ƙanana a tsakani. Don haushi kawai na ja na farkon na saki, na juya na ci gaba da tsince albasa.

Da na ɗago, na farkon ya rage lilo. Na ɗauka gajiya ya yi. Sai na dubi can ƙarshe, na ga ɗan'uwansa ya fara motsi a hankali. Na ajiye kwandon albasa. Na farko na raguwa, na ƙarshe na ƙaruwa, ƙananan tsakiya suna biye da su amma ba su riƙe komai, don ba su da nauyin riƙewa. A hankali, a hankali, har na farkon ya kusa tsayawa, na ƙarshen kuwa yana lilo da faɗi kamar shi na ja da hannuna. Na zauna a ƙasa cikin ɓawon albasa.

Ba a yarda da ido a sana'armu sai an tambayi alli. Na samu gawayi na yi lissafin a jikin ƙofar langa-langa ta rumfar, ya fito sarai. Bare ɗaya ɓarna yake yi. Amma bare biyu masu kama da juna, ɗaya a kowane baki, ba sa sakin saƙo ga ƙananan da sauri, sai su riƙa miƙa wa juna shi kaɗan-kaɗan ta cikinsu. Tafiyar ta fi jinkiri, amma saƙon yana isa kusan cikakke. Sharaɗin shi ne su zama daidai. Na Baba sun ɗan bambanta, shi ya sa na farkon bai tsaya cak ba. Na ɗora su a sikelin Yaya Sidi. Rage kyautar suruki ban isa ba, don haka ƙari na yi: na naɗa wa marar nauyin waya har suka yi kunnen doki. Daga baya, da aka buɗe makaranta, na tarar wasu a wata ƙasa sun riga sun rubuta irin wannan a mujalla. Ban ji haushi sosai ba. To, na ji kaɗan.

Da sassafe na kama hanyar Horo Birni. Gero ya fitar da kai, ana shirin yanka. Wannan karon Malam bai juyo yana nemana ba, sai da na yi magana ya gane ni. Na riƙe hannunsa har kan babur, na riƙe shi har cikin bas. A hanya na fara yi masa bayanin lissafin, ya ɗaga hannu.

"Kak ka gaya min. In na ji da kunne, ido ba shi da sauran aiki."

Na shirya masa wurin tun jiya. Na shafe ƙaton ƙarshe da farar ƙasa, na rataya baƙin zanen Luba a bayansa, na ɗage zana ɗaya ta gefe don hasken hantsi ya faɗo a kansa shi kaɗai. Yaya Sidi ya bar cinikinsa ya zo. Baba ma ya zo, sanye da rigar Juma'a, ya gaisa da Malam, ya gaya masa ƙarfen mota ne mai kyau. Malam ya yi masa godiya irin ta manya. Na zaunar da shi a kan turmin, na kama kansa da hannu biyu na saita shi.

"Malam, me kake gani?"

Ya daɗe yana ƙifta ido. "Wani abu hwari. Tsaye shi ke."

"To kada ka bi kowa. Shi kaɗai za ka kalla."

Na taka zuwa farkon layi, na ja ƙaton, na yi bisimilla na saki. Rumfar ta yi tsit, sai kukan roba kaɗan-kaɗan. Farin bai motsa ba. Na san zai jinkirta, ni na yi lissafin, amma duk da haka tsoro ya kama ni, kada hasken ya gushe, kada Malam ya gaji ya kau da kai ya kasa sake samunsa. Sai farin ya ɗan girgiza. Ya tafi dama kaɗan, ya dawo. Ya ƙara. Malam ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuyo gaba. Farin ya yi ta buɗe lilo a gaban baƙin zane, har ya kai iyakarsa.

"Na hwarkon hwa?" Malam ya tambaya, bai kau da ido ba.

Yaya Sidi ne ya amsa. "Ya tsaya, ranka shi daɗe. Cak."

"Ya iso," in ji Malam a hankali. "Duka nai ya iso."

Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a duk shekarun aikina, na kuma ji tausayi ya cika ni, don na san abin da likita ya faɗa. Ba a gama ɗaure geron shekarar ba idon ya rufe gaba ɗaya. Amma a ranar yana gani.

Ya ce in sake. Na tsayar da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na ja, na saki. Ya iso. Ya ce in sake. Na ce a raina haka ne, gwaji ɗaya ba hujja ba ne, mai sana'a ba ya yarda sai ya maimaita. Baba ya gaji ya yi sallama ya koma maƙera. Yaya Sidi ya koma wurin masu saye. Rana ta juya, na sauke wannan zanar na ɗage wata don hasken ya ci gaba da faɗowa a kan farin. Muka yi azahar a bakin rumfa, ya ce in mayar da shi kan turmi. Hannuna ya yi tsami, abincin da Luba ta aiko ya huce a kwano.

Da la'asar ta gabato na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Malam, ai ya tabbata. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ga lissafin ma a jikin ƙofa, in karanta maka."

Bai juyo ba. Idonsa na kan farin ƙarfen da ke rage lilo.

"Na san ya tabbata tun na hwarko, Attahiru. Ba gwaji nika yi ba, kallo nika yi. Da sauran haske?"

Na ce da saura kaɗan.

"To sake."

Na tashi na koma farkon layi, na ja ƙarfen na saki.